Injin Alhaji Labbo Ba Ya Aiki Ranar Talata

Alhaji Labbo Mai Inji ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune gindin injina ina duba mai. Babban ɗansa ne ya kira daga asibiti. Sai da na sa ya maimaita. Mu masu injin casar shinkafa kunnuwanmu sun daɗe da yin ritaya, kowa ya sani, amma wannan karon na ji tun farko. So nake ya ce wani Labbo ne daban.

Ba wani ba ne.

Na zauna a kan buhu ina ta salati, ma'aikatana suna tsaye suna kallona. Ɗaya daga cikinsu ya kashe injin ba tare da na ce ba.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar, nan Talata Mafara. Jama'a ta taru, ba laifi. Amma da na waiga a maƙabarta sai na ga yawancin masu zuba ƙasa samari ne, waɗanda iyakar saninsu da shi wani tsoho ne mai mataccen inji a bayan kasuwa. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki wayar nan, ni da ban saba dogon rubutu ba. Ku yi haƙuri da ni yau.

Kuma akwai mutum uku da ya bari a bakin injin nan, ma'aikatansa ne, kowanne da furfura da iyali. Babbansu shi ne Nomau. Tun da aka ɗauko gawar nake satar kallonsu, don ban san inda za su nufa ba in gari ya waye gobe. Zan zo kansu. Bari in fara da yadda na san maigidansu.

Ni mutumin wajen Maradun ne. Lokacin da aka tare ruwa a Bakolori, gonar babanmu na cikin waɗanda ruwa ya hau. Rigimar diyya da abin da ya biyo bayanta, waɗanda suka gani sun gani, ba yau zan tona ba. Tsohonmu ya kwashe mu zuwa Janbako wurin dangin uwarsa. Ni kuma ƙuruciya ta ɗebe ni na gangaro Mafara, don a lokacin duk mai hannu biyu yana samun aiki a kamfanin da ke gina dam da hanyoyin ruwa.

Wanda bai ga Mafarar wancan lokacin ba, ko an ba shi labari ba zai yarda ba. Mai shayi yana da yaran aiki. Tela yana mayar da ɗinki don ya yi masa yawa. Mai tuwo takan kankare tukunya tun kafin isha'i. Kowa ya ɗauka haka za a dawwama.

Ni ma da ɗan abin da na tara na leburanci na sayi wani ƙaramin injin casa, tsoho, mai tari kamar ɗan taba. Na kafa rumfa a gefen kasuwa, na yi aure, na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Sai aka gama aiki. Turawan kamfani suka naɗe kayansu suka tafi.

Ba a jima ba ƙasar gaba ɗaya ta shiga matsi, kullum rediyo maganar tsuke bakin aljihu. Kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Man inji sai ka sha layi. Ruwan da aka ce zai shayar da gonaki rani da damina, wani sashe ya samu, wani sashe sai kallo. Rumfuna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin nan ya sallami yaransa, shi ma ya tafi cirani.

Mu ƙananan masu inji mun fi kowa jin jiki, don muna da babban maƙwabci.

Alhaji Labbo bakanike ne a kamfani tun farkon zuwansu. Da za su tafi ya sayi wani ƙaton inji a hannunsu, ya gyara shi da kansa, ya haɗa masa kan casa. Kafin nawa ya gama tari, nasa ya cinye buhu. Shinkafarsa tana fita fes, ba ta karyewa. Duk ɗan kasuwar da ke da hankali wurinsa yake kai shansherarsa, wato shinkafa mai ƙaiƙayi, a casa. Mu sai abin da ya rage, matan da ke zuwa da kwano ɗaya ko biyu na tuwon dare.

A lokacin ko gaisuwarsa nauyi take mini. Shi kuwa bai fasa ba. Duk inda ya gan ni sai ya tsaya ya tambayi gida, ya tambayi tsohonmu, ya tambayi amarya, ya tambayi aiki. Wannan ta ƙarshen ce ke ƙona mini rai. Bai taɓa kirana da sunana ba, Ɗan Janbako yake ce mini. Kowa da sunan garinsu yake kiransa, wai don kada mutum ya manta inda zai koma in Mafara ta gaji da shi.

Ma'aikaci ɗaya gare ni a lokacin, sunansa Arzika. Ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ma ruwa ya ci gonarsu, ga 'ya'ya, ga tsohuwa makauniya a ɗaka. Shi ke zuba shanshera, shi ke tare buhu, shi ke ɗinki, shi ke shara. In ba aiki, sai ya sake share inda ya riga ya share, don kada in ga yana zaune.

Ranar da nake gudu ta zo. Ko abincinsa na rana na kasa.

Na yi kwanaki ina haɗa maganar da zan faɗa masa, ina warwarewa. Duk yadda na jera ta, ƙarshenta ɗaya ne, ka tafi gida. Matata ta ce in daure a ci kasuwa ɗaya tukuna, in Talata ta wuce sai in sallame shi.

Kun san Talata ita ce ranar Mafara. Daga Bakura, daga Dakko, daga Kaya, daga Maradun, jakuna da motoci tun da sassafe. Shinkafar da za a casa a mako guda, fiye da rabinta ranar take shigowa. Kuma duk bakin injin Alhaji Labbo take tsayawa, mu muna daga rumfa muna ƙirga buhunan wani da ido.

Talatar nan gari ya waye, ban ji ƙarar injinsa ba.

Ƙarar da ke tada rabin unguwa daga barci. Shiru.

'Yan kasuwa suka iske ƙofa a rufe, Nomau yana zaune kan benci ya haɗe rai, duk wanda ya tambaya sai ya ce yau ba a aiki. Su kuwa dole su casa su sayar a ranar, ga motocin Sakkwato na jira. Sai suka watsu rumfunanmu, suna tsaki, suna kushe injinanmu, suna dai sauke buhu.

Ni da Arzika muka yi aiki har ba ma gane fuskar juna don ƙura. Da yamma ya zauna yana wanke ƙafa yana dariya shi kaɗai. Maganar da na haɗa masa na haɗiye abata.

Talata ta zagayo, shiru. Wata ta sake zagayowa, shiru. Amma Laraba da asuba sai ka ji injin ya tashi garau, kamar ba shi ba.

Mutanen Mafara ba sa barin abu ba fassara. Wasu suka ce aljanu ne ke cin kasuwarsu a cikin injin ranar Talata. Wasu suka ce Baturen da ya sayar masa ne ya cuce shi. Ni na fi kowa baki. Cewa nake injin Bature ne, dole ya riƙa ɗaukar ranar hutu irin ta tsohon maigidansa. A majalisa a yi ta dariya, ni ina jin daɗi, ga ciniki ga abin ba'a.

Wata Talata, buhuna sun kai rufin rumfa, rana ta take, sai bel ɗin injina ya tsinke.

Duk mai inji ya san abin da wannan ke nufi a shekarun nan. Ko Gusau ka je ba lalle ka samu ba. 'Yan kasuwa suka fara kiran masu baro su kwashe kayansu. Arzika ya matso kusa da kunnena ya ce in je wurin Alhaji, ai bakanike ne, ba ya rasa wani tsohon bel a ajiye.

Na tafi ina jan ƙafa.

Na same shi a cikin rumfar injin, zaune kan tabarma, rediyo a gefe, yana ɓare goro. Injin an goge shi tas, sai ƙyalli yake. Muka gaisa, gaisuwar nan tasa da ba ta ƙarewa.

Sannan ya ce, “Ɗan Janbako, lahiya da rana tsaka, ga kasuwa na ci?”

Na ce, “Bel ɗina na yat tsinke, Alhaji.”

Ya ƙwala wa Nomau kira, ya ce ya buɗe akwatin ƙarfe ya ɗauko ɗaya. Na leƙa akwatin. Bel-bel ne sababbi a naɗe, kuma duk na ƙananan injina ne irin namu. Ba wanda zai shiga nasa.

Hannun mai inji ba ya ganin inji ya ƙyale. Kafin Nomau ya dawo na kama ƙafar injin na juya. Ta ja numfashi ta tura ni baya, yadda lafiyayyen inji ke yi. Na sake juyawa. Haka dai.

Na ce, “Alhaji, injin ga ai lahiyatai ƙalau.”

Ya ce, “Wa yac ce ma ba shi da lahiya?”

“To mi yas sa ba ka tada shi rat Talata?”

Ya tauna goronsa ya haɗiye, bai yi sauri ba.

“In na tashe shi rat Talata, ku ka kwantawa. Ni ina da Laraba, ina da Alhamis, ina da sauran kwanakki duka. Ku Talata ɗai gare ku.”

Na saki ƙafar injin.

Ya ce, “Kuma in kun kwanta, ba ku ɗai ka kwantawa ba. Mutumen ga naka, Arzika, in ka sallame shi ina za shi? Gona? Ai tana ƙarƙashin ruwa.”

Ban faɗa wa kowa a waje maganar sallamar ba. Daga baya na gano matata ce ta yi wa uwargidan Alhaji kuka a wurin wani suna.

Ya ce, “Ɗauki bel ka tahi, mutane na jiranka. Kuma kak ka hwaɗa ma kowa. Bari su ce aljannu na. Aljannu ba su kai ƙara.”

Na fito idona ya cika, kuma ba ƙurar shinkafa ba ce.

A bakin ƙofa Nomau ya miƙo mini bel ɗin, fuskarsa na kallon wani wuri. A hankali ya ce, “Ku ci. Mu muna azumi.”

Sai daga baya maganar ta zauna mini. Wanda bai yi aikin bakin inji ba bai san cewa ladan yini ba shi ke riƙe ma'aikaci ba. Abin da ke riƙe shi ranar kasuwa yake samu, na sauke buhu, na ɗorawa, na ɗinki, da dusar da yake tarawa ya sayar wa masu dabbobi. Alhaji yana ba su ladan yininsu na Talata ko ba a yi aiki ba, amma wancan duk ya tafi. Ya tafi aljihun Arzika da irinsa.

Ke nan ba Alhaji kaɗai ya ciyar da mu ba. Har da Nomau da 'yan uwansa, kuma su ba a yi shawara da su ba.

Nomau ya yi shekaru in na gaishe shi “lahiya” kawai yake cewa ya wuce. A ƙasarmu da ake gaisuwa har ƙafa ta gaji, kun san wannan ba amsa ba ce. Ban taɓa ganin laifinsa ba.

Shi ma Alhajin ya ji a jikinsa. Ƙanensa da suka haɗa jari ya zare hannu, ya ce ba zai yi kasuwanci da mai rufe shago ranar kasuwa ba. Manyan 'yan kasuwa wasu suka yi fushi suka ɗauke ƙafa har sauran kwanakin. Sa'o'insa da suka bar kamfani tare suka zama 'yan kwangila, suka ɗora benaye. Shi yana nan a gidan ƙasarsa. Hajjin ma sai da gemunsa ya yi fari ya samu zuwa, sunan Alhaji mu muka riga muka liƙa masa.

Ko da abubuwa suka ɗan sassauta bai koma aikin Talata ba. In an tambaye shi sai ya ce inji ya saba.

Wani hali nasa da ban taɓa gani wurin wani ba, ba ya miƙa maka kuɗi. Aiki yake turo maka.

Akwai wani tela da ya riga ya ɗaure kekensa zai sayar. Alhaji ya kwashi yadin sallar gidansa da na ma'aikatansa kaf ya kai masa, tun azumi bai kama ba. Rigunan sun fito hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, haka ya sa tasa ya je idi.

Akwai mai walda a Bakura da aiki ya ƙafe masa. Alhaji da ya iya walda fiye da shi sai ya riƙa ɗaukar ƙarfe a bayan keke yana kai masa gyara, ya zauna yana kallo yana cije baki, ya biya ya dawo.

Matan da ke gumin shinkafa ba su taɓa sayen ɓuntu a wurinsa ba. Ya ce ƙaiƙayi ne, su kwashe su hura wuta su rage masa shara. Kuma in mace ta zo da kwanonta ɗaya, gaban mai buhu goma take shiga. In ɗan kasuwa ya yi ƙorafi sai ya nuna kunnensa, wai ƙarar inji ta hana shi ji.

Arzika bai bar wurina ba sai da mutuwa ta raba. 'Ya'yansa sun yi karatu daidai gwargwado. Ɗaya daga cikinsu shi ne ya kashe mini inji da safen nan.

Ni kuma Allah ya buɗa mini daga baya. Na canza inji, na sayi mai tsince tsakuwa, ma'aikata suka ƙaru. Duk wanda ya ce mini na iya kasuwanci sai in yi murmushi kawai, don na san daga inda abin ya faro.

Shi kuwa nasa baya ya riƙa yi. Zamani ya kawo manyan injina na birni. Nasa ya tsufa, kayan gyaransa ko a mafarki babu. Ga halin da muka shiga yanzu, ba sai na faɗa muku ba. Hanyoyin ruwa sun cushe da ciyawa. Manoman wajen Maradun da Janbako gonar da suke hange da ido ba su isa su taka ta ba. Man dizal ya fi ƙarfin kowa. Cikin mu da muka ci albarkar Talatar Alhaji, waɗanda har yanzu injinsu ke tashi ba mu cika yatsun hannu ɗaya ba.

Daminar bara injinsa ya tsaya, bai sake tashi ba.

Amma kullum da safe Nomau da sauran biyun sai sun zo. Su share rumfa, su goge injin, su zauna kan benci har la'asar. Daga gidan Alhaji ake fito musu da abinci, gidan da shi ma ba cika tukunyar take ba.

Ganina da shi na ƙarshe bai daɗe ba. Na same shi kwance a zaure, ƙafafu sun kumbura, murya ta shige. Gidan daura da rumfar injin yake, daga inda yake kwance ana hango bencin ta ƙofa.

Duk da haka sai da ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Na ce aiki da godiya. Ya kalle ni irin kallon da ke cewa ni za ka faɗa wa.

Na ce masa na yanke shawara. Zan ɗauko bakanike daga Kano a tada injinsa ko nawa ne, ni kuma in riƙa rufe nawa ranar Talata.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da na ɗaga shi na ba shi ruwa.

Ya ce, “Ɗan Janbako, rama man za ka yi? Wanga karo ya mutu da gaske, ba aljannu. Ni nas san cikinai. Bar shi.”

Ya maida numfashi. Sannan ya ɗaga yatsa ya nuna ƙofa.

“Ƙarhe ba shi jin yunwa. Waɗancan ukku su ka hana ni kwana.”

Bai ce in ɗauke su ba. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, ba a kaina zai fara ba. Ni kuma na ce Allah zai kawo mafita, maganar da mutum ke yi in hannunsa ba komai. Gaskiyar ita ce ni ma rabin yini nake aiki yanzu, kuma a ranar ma lissafin da ke kaina shi ne wa zan rage cikin nawa in wata ya ƙare.

Da na miƙe zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, “Ka gaishe man da Arzika.”

Arzika ya yi shekara da shekaru a kabari, kuma Alhaji da kansa ya yi masa salla.

Na ce zai ji.

Na fito na wuce ta gaban bencin da sauri, na ɗaga musu hannu daga nesa.

Yau bayan mun dawo daga maƙabarta babban ɗansa ya ja ni gefe. Ya ce in an yi addu'ar bakwai za a sayar da injin ga masu sayen tsohon ƙarfe, filin ma akwai mai so, a raba wa magada. Ban ga laifinsa ba. Suna da yawa, akwai marayu ƙanana, kuma haƙƙinsu ne. Ya ce za su ba dattawan nan ɗan abin sallama. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Na bar wurin zaman makoki na zagaya wurin rumfar injin.

Suna nan kan bencin su uku, ƙasar maƙabarta ba ta bar ƙafafunsu ba. Na yi musu gaisuwa, suka yi mini. Na zauna a bakin dakali.

Sannan na ce, “Nomau, gobe ku taho wurina, ku ukku.”

Ya ɗago ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, na kuka ne ko na ƙurar shekaru, ban sani ba.

Ya ce, “Ɗan Janbako, shekaranjiya na biyo ta bakin injinka. Ko kaza ba ta tsaya tsintar komi ba.”

Na ce, “Gaskiya na.”

“To mi za mu yi can?”

Na ce, “Abin da yas samu.”

Ya gyara zama, ya dafa gwiwa.

“Saurara in hwaɗa ma. In aiki na, muna zuwa tun da asuba, ko buhu guda na. In kau zama na bisa benci a miƙo muna abinci, bar mu nan. Na zamna maku Talata shekara da shekaru. Na zamna ma Alhaji tun da injin ga yam mutu, don kash shi leƙo shi ga wurin wayam. Zama ya ishe ni. Ban son in mutu zamne.”

Ni duk tsawon watannin nan na ɗauka don abincin suke zuwa.

Na ce masa akwai aiki.

Ya kalle ni ya daɗe, ya ce, “To sai da sahe.”

Yanzu na dawo rumfata na buɗe ɗakin ajiya na duba. Shansherar da ke ciki ba za ta kai mu azahar ɗin gobe ba. Kuma ga nawa ma'aikatan, su ma ba wanda zan iya kallon idonsa in ce ya tafi gida, ba bayan yau ba. Ban san yadda za a yi ba. Wallahi ban sani ba, kuma tsoro nake ji.

Don haka ga roƙona, ku da ke karanta wannan. Ba taimakon kuɗi nake nema ba, kada wanda ya tambaye ni lambar asusu. Wanda ke da shanshera a ɗaka, a Mafara ne, a Bakura ne, a Dakko ko Kaya, ko rabin buhu ne, ya kawo a casa masa ya biya yadda aka saba. Iyayenmu mata masu gumi, ko kwano ɗaya ne ku kawo. In uwarka ba ta da waya, ka karanta mata.

Allah ya jiƙan Alhaji Labbo. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa shi. Yadda ya kashe injinsa don wutar gidajenmu ta kama, Allah ya kashe masa wutar lahira, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya jiƙan Arzika da iyayenmu. Allah ya ba iyalansa haƙuri, ya rufa wa marayunsa asiri, ya dawo mana da zaman lafiya manoma su koma gona.

Don Allah duk wanda ya kai nan, ko bai san shi ba, ya tsaya ya yi masa addu'a kafin ya wuce.

In kun gama ku ƙara ɗaya saboda Nomau. Allah ya sa la'asar ɗin gobe ta same shi a tsaye.